Wasiƙa a Kan Fasto Ishaya

Rahila tana tuƙa tuwon mutum goma sha biyu, ita kuwa tun asuba ko ruwa ba ta sa a baki ba. Rana ta uku ke nan da fara azumin. Dattawan ikkilisiya ne suka ce matan zumunta su yi azumi, Allah ya tona asirin wanda ya rubuta wasiƙar. Ita ce matar fasto, ita ke jan gaba a irin wannan, ba a tambayar ta ko za ta iya. Su dattawan da ke taro a falonta ba sa azumi, sai an kai musu abinci.

Ofishin gunduma na coci a Birnin Kebbi aka aika wa wasiƙar, babu suna a ƙasa. Ta ce Fasto Ishaya ya tsufa, hawan jini ya ci ƙarfinsa, sau biyu yana faɗuwa da babur a hanyar Gwandu, a ba shi hutu a kawo wani. Ofishin ya ce zai turo mutum ranar Asabar ya duba. In ya gamsu, fasto zai ajiye aiki, su fita daga gidan coci, su koma ƙauyensu can ƙasar Zuru, inda ɗaki biyu da gona kawai ke jiran su.

Shekara goma sha tara suka yi a Kalgo. Rahila ta wanke jarirai, ta wanke gawa, ta sasanta ma'aurata alhali tukunyarta na kan wuta. In ta ɗaura sabon zane a ce Mama ta fara son duniya. In ta ɗaura tsoho a ce ta kunyata coci. Kowace Lahadi, da an tashi sujadar safe, mijinta yakan hau babur ya nufi Gwandu, inda wasu ma'aikata 'yan kaɗan ke jiran sa a wani ɗaki. Ita takan zauna da baƙi, tana amsa musu, kunnenta na waje.

Dattijo Markus, shugaban dattawa, ya ce ƙaryar marubucin ta fito fili. Faɗuwa ɗaya kowa ya sani, wadda fasto ya dawo da gwiwa a ɗaure. Ina aka samo ta biyu? Fasto yana zaune yana kallon tafin hannunsa.

Markus ya samo kwafin wasiƙar. Rubutun karkatacce ne, kamar na wanda bai daɗe da koyo ba. Bayan addu'ar Laraba ya sa kowa ya rubuta layin farko na Addu'ar Ubangiji, da sunansa. Rahila aka ba faranti ta bi layin mata tana tattara takardun. An gwada, babu wanda ya dace. Duk da haka zargi ya sauka a kan Malam Ayuba, shugaban mawaƙa, don ya taɓa musu da fasto a kan lokacin sujada. Ya daina zuwa coci. Aka daina amsa gaisuwar matarsa a kasuwa. Rahila kaɗai ta je gidansu, har sau biyu, ta zauna da matar, ta dawo. Matan zumunta suka ce kirkin Mama ya yi yawa.

Ranar Asabar coci ya cika tun kafin baƙon ya iso. Har Malam Haliru, maƙwabcinsu mai shanu, ya zo bakin ƙofa ya shaida cewa shekara goma sha tara ko kallon banza bai taɓa gani daga gidan nan ba. Fasto ya sa kwat ɗin da Rahila ta goge masa, ya tsaya cak, ya yi magana rabin awa bai dafa komai ba.

Sai baƙon ya juyo wajen kujerar gaba.

"Mama, ke kika fi kowa sanin Baba. Yaya jikin nasa?"

Ido ya yi mata yawa. Markus yana kallon ta, matan zumunta suna kallon ta, mijinta ma haka.

"Yana ƙoƙari," ta ce.

Aka yi tafi. Baƙon ya ninke wasiƙar ya ce aikin maƙiyi ne. Fasto Ishaya zai ci gaba shekara biyar. Tun da kuma ƙarfinsa na nan, akwai iyalai uku wajen Dangoma da ba su da mai zuwa musu, sai ya riƙa leƙa su ranar Alhamis.

Rahila ta rufe fuska da gefen gyalenta ta fashe da kuka. Mata suka kewaye ta da guɗa, suna cewa azumin Mama ya karɓu. Ta share ido ta koma kicin, don baƙon bai ci abinci ba.

Kashegari da azahar fasto ya fito da babur. Sau huɗu yana buga shi kafin ya tashi.

"Baban Keziya, ka sha maganin?" in ji Rahila.

"In na dawo. Mutane na jira."

Ta tsaya har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Ta sallami baƙi, ta wanke kwanuka, ta share falo. Sannan ta sakaya ƙofa, ta yagi takarda daga littafin zumunta, ta kama biro da hannun hagu kamar wancan karon, ta fara rubuta wasiƙa ta biyu.