Sai Mai Kyauta Ya Zo

Akwatin yana nan a barandar ɗakin wankin ƙoda, an zagaye shi da koren ƙyalle, har masu jinya sun mai da shi wurin ajiye kulolin abinci. Kullum da safe sai Zakiyya ta wuce ta gefensa, kullum kuma sai ranta ya ɓaci.

Sabuwar na'urar wankin ƙoda ce a ciki, fil a leda. Tsohuwar guda ɗaya da asibitin yake taƙama da ita kuwa, yau ta yi aiki, gobe ta yi yaji. Layin masu jiranta ya fi ƙarfinta, kuma mahaifin Zakiyya, Malam Abdulbaqi mai hatsi na Ƙofar Ran, yana can ƙarshen layin. Ƙafafunsa sun kumbura, hankalinsa yana zuwa yana tafiya. Wani lokaci ma da sunan mahaifiyarta yake kiran ta, wadda wannan ciwon ya ɗauke a wannan asibitin, tana jiran wannan tsohuwar na'urar.

Sista Comfort, nas ɗin ɗakin, ita ta warware mata zancen akwatin. Wani bawan Allah ne ya sayi na'urar ya bai wa asibiti, ya hana a faɗi sunansa. Kamfanin da ya kawo ta lambar wayar mai kyautar kawai ya bari. Shi kuma kwamitin tallafa wa asibiti ya kafe cewa kayan kyauta ba a buɗe su sai mai kyauta ya zo ya miƙa da hannunsa, an kafa rumfa, an yanke ƙyalle, an ɗauki hoto. Ai kada gobe a ce wani ya karkatar da kayan jama'a.

"To ina mai kyautar?"

"Shi ake jira, 'yar'uwa."

Tun daga ranar Zakiyya ta samu wanda za ta sauke wa haushi. Ba ta taɓa ganin sa ba, amma ta gama zana shi a ranta: babbar riga, ƙaton ciki, yana can Abuja yana jiran lokacin zaɓe ya matso kafin ya zo a tafa masa. Tana shafa wa mahaifinta mai a ƙafa tana zazzaga masa. "Baba, wannan wace irin sadaka ce? Ka ba da abu, ka kuma zauna a kansa!" Tsohon sai ya motsa leɓe kamar zai yi magana, ita kuma ta gyara masa filo ta ce ya huta.

Ga shi babu wata mafita. Yayyenta maza sun ce ba su da halin kai shi asibitin kuɗi. Gonarsa ta Miri, wadda da ita ce za a waiwaya a irin wannan rana, ya sayar da ita tun bara, bai shawarci kowa ba, kuma ko sabon keke ba a gani a gidan ba. In an tambaye shi sai ya ce a bar maganar.

Su kuwa mutanen gari ba su san ya kwanta ba, ko sun sani ba su damu ba. Malam Abdulbaqi mutum ne mai buɗaɗɗen hannu, don haka wayarsa ba ta hutawa: masu ginin masallaci, ƙungiyar unguwa, mai neman buhun masara. Zakiyya ta karɓe wayar ta jefa a jaka. Akwai mai naci ɗaya da ta taɓa ɗauka bisa kuskure, tana jin "Ranka ya daɗe, daga kwamitin..." ta katse, ta yi wa lambar suna don kada ta sake yaudarar ta. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ana bin sa da ƙoƙon bara.

Ranar da tsohuwar na'urar ta sake tsayawa, numfashin Malam ya fara sarƙewa. Likita ya ja Zakiyya gefe ya ce in ba a yi wankin nan kusa ba, a shirya wa komai. Ba ta tsaya yin kuka ba. Ta figi jakarta ta nufi ofishin shugaban kwamiti, Alhaji Mansir, ta same shi yana duba samfurin katin gayyata.

"Yallaɓai, ubana zai mutu a gefen na'ura saboda hoto?"

Ya ce ta yi haƙuri, ƙa'ida ce. Ya ce shi ma abin ya ishe shi, ya kira mutumin nan har ya gaji, ko izinin baki ne ya ba su, ko ya turo wakili, wallahi a yau za a fasa akwatin. Amma mutumin ba ya ɗaukar waya.

"Kira shi a gabana," in ji ta. "Ni zan gaya masa abin da ku kuke jin kunyar faɗa. Allah ya isa tsakanina da shi!"

Alhaji Mansir ya yi ajiyar zuciya, ya lalubo lambar, ya buɗe murya ya ajiye wayar a kan tebur. Kiran ya fara shiga. Zakiyya ta sunkuyo, ta tara duk baƙar maganar da ta daɗe tana tanadi.

Sai ta ji jakarta tana kakkarwa a hammatarta. Ta zaro wayar mahaifinta, ga sunan da ta rubuta da hannunta yana haske a kai: Masu Roƙo.