Tarin Injin Itaia

A ja na bakwai injin ya tashi, ya yi kakari, ya fesa baƙin hayaƙi, ya mutu. Marewe ta saki igiyar. Ba haka ba ne.

Ta sake ɗage murfin. Tsohon injin jirgin ruwa ne mai fulogi biyu, gishirin teku ya cinye fentinsa tun kafin a yi aurenta. Ta kwance fulogin sama ta duba, ta kwance na ƙasa ta duba, ta musanya su. Tun safe abin da take yi ke nan a kan yashin tsibirin Abaiang, cikin wata rigar mijinta Itaia da ta yi mata yawa. Ta riga ta matse tiyon mai, ta juya sukurin kafireta gaba da baya, duk a banza.

Can a rumfa, surukarta Nei Teiti tana zaune, makafin idanunta suna fuskantar ruwa. Ga kifi da gwaza a gabanta, an rufe da ganye. Kwana uku ke nan ba ta sa komai a baki ba. Ta ce sai jirgin ɗanta ya shigo, kuma tsohuwar nan idan ta kafe, ko limamin coci ba ya iya motsa ta. Jiya da Marewe ta ɗaga ta, ba ta fi ƙunshin tabarma nauyi ba.

Marewe ta san ya kamata ta ji tsoro. Ta laluba a ranta, ba ta sami komai ba. Ta ɗauki sifana.

Baba Baraniko, bakaniken ƙauyen, ya gangaro yana ɗingishi, ya tsaya a kanta hannu a ƙugu.

"Ke 'yar nan, me kika yi wa aikina? Shekaranjiya waccan na bar miki injin nan yana tafiya kamar keken ɗinki! Ina sababbin fulogan da na sa? Waɗannan ai ni na jefar da su."

"Na tsinto su, Baba."

"Kin tsinto su! Rowa dai har da ta fulogi? Matsa, kafin ki kashe mini shi."

Ba ta yi musu ba. Ta je bayan ɗaki ta kwaso sababbin daga kan farar tsakuwa, inda take ajiye kayan aiki yanzu. Tsohon ya ɗaura su, ya saita sukurin da farce da kunne, ya ja igiya sau ɗaya. Injin ya kama, sumul, babu ko gargada. Nei Teiti ba ta ko juyo ba.

"To, ga shi," in ji Baraniko yana goge hannu. "Shekara nawa ina ce wa Itaia ya kawo in duba? Ina! Wai ya saba da shi. Da ban lallaɓo kina coci ba, da har yau yana nan yana tari kamar mashayin taba."

"Baba, ranar me da me ka canja?"

"Fulogi biyu. Na wanke matatar mai. Sai wayar fulogin ƙasa, wadda ta tsage. Ita ce uwar ciwon, wuta tana zuba ta gefe."

"Tana ina?"

"Tsohuwar? Na ɗaure ƙofar aladuna da ita. Ko a can ma ba ta da wani amfani."

Ya tafi yana dariyar maganarsa. Marewe ta kashe injin. Ruwa ya fara cikowa, rana ta karkata, kuma tsohuwa ba za ta kai kwana na biyar ba. Wannan ma ta san shi kamar yadda ta san lokacin cikar ruwa, ba zafi, ba sanyi.

Ta bi ta bayan gidaje. Aladun suka taso suna gurnani, sun ɗauka abinci ne. Ta kwance wayar, ta ɗaure musu ƙofa da igiyar ɓawon kwakwa. Baƙar waya ce da ba ta kai kamu ɗaya ba, an taɓa naɗe tsagar da tsumma, irin naɗin mai hannun hagu, naɗin Itaia.

Ta koma wurin injin, ta cire sabuwar wayar, ta sa wannan. Ta tura jirgin ita kaɗai, kamar kullum, ta yi tuƙi da filafili shiru har ta sha kwanar tsibirin. A nan ta juya hancinsa wajen gida, ta ja igiya.

Tut, tut, tut, sai tari. Tut, tut, tut, sai tari.

A ƙauyen nan ba sai an ɗaga kai ake sanin wanda ya dawo daga kamun kifi ba, kowane inji da muryarsa. Tun kafin jirgin ya taɓa yashi ta hango tsohuwa ta miƙe zaune, hannunta yana laluben ganyen.

"Marewe! Ke Marewe! Mijinki ya dawo, kina ina? Kifin nan ya huce."

"Ga ni, Inna. Yana can yana ɗaure jirgi."

"Ce masa ya gyara injin nan, yana damun mutane."

Ta cinye tas, har ta nemi ƙari, ta kwanta. Sau uku aka taɓa faɗa mata gaskiya, sau uku ta yi kuka kamar yau ta fara ji, kashegari kuma ta manta. Marewe ta kwashe sifana da sukundireba ta kai bayan ɗaki, ta ajiye a kan farar tsakuwar da Itaia yake kwance a ƙarƙashinta wata goma sha ɗaya, ta ce, "Ka dawo. Ta ci."