Fayil Ɗin Mzee Otiende

Manhajar ta sake mutuwa, ba gargaɗi, ba saƙon kuskure. Kuma a wuri ɗaya dai: fayil na ƙarshe da Mzee Otiende, dattijon ofishin, ya rubuta kafin rasuwarsa.

Nekesa ta janye hannu. Ofishinsu ne ke riƙe da tsarin tura motocin asibiti a Nairobi, ita kuma sabuwar zuwa ce. Tsohuwar manhajar duba kod, wato rubutattun umarnin kwamfuta, aka ce ta gyara.

"Ki rabu da fayil ɗin nan," in ji Simiyu, maƙwabcin teburinta. "Duk wanda ya taɓa, a nan manhajar take mace masa. Tsohon nan bai bar ofis ba."

"Daina, don Allah. A kujerarsa fa nake zaune."

Ta bi sawun matsalar. Ɓangaren manhajar da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python ne ke share ma'ajiya tun ɓangaren harshen C da ke ƙarƙashinsa bai gama karanta fayil ɗin ba. Ba fatalwa ba ce. Ta gyara layi ɗaya, ta kunna.

Manhajar ta wuce fayil ɗin lafiya lau. Nekesa ta yi ajiyar zuciya.

Simiyu ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Nekesa, in ta gama karantawa, me take yi?"

Babu wanda ya sani. Babu wanda ya taɓa ganin ta kai nan.

Manhajar ta ci gaba da aiki. A babban allon bango da ke nuna inda kowace mota take, motocin asibiti suka fara ɓacewa daga taswira, ɗaya bayan ɗaya.