Riga Mai Lamba Sha Huɗu

"Tsoho, tashi ka shiga!" in ji koci, saura minti uku a tashi wasa.

Na waiga ko akwai wani tsohon. Wata bakwai ina rigan mai shara zuwa filin ƙwallon kwando, jifa ɗari biyar kullum, amma benci ya fi matata sanina. Ga kwantiragina na gab da ƙarewa.

Na miƙe, gwiwa ta yi ƙara. Na zuge rigar sama, sai ga singileti.

Koci ya zaro ido. "Ina rigar wasanka?"

Can cikin 'yan kallo autata ta miƙe tana tsalle, rigar har gwiwarta.

"Baba, ai kai ka ce ba ka amfani da ita!"