Ranar da Aka Sake Kiran Sunansa

Da sojoji suka kwance masa sarƙa suka tura shi cikin sansanin, babu wanda ya taso tarbarsa. Wata uku ke nan da mutanensa, 'yan ƙabilar Modok, suka ji an rataye shi tare da sauran shugabannin yaƙi. Bayan nan jirgin ƙasa ya kwaso su, ya zube su a wannan sansani, nesa da tafkinsu. A al'adarsu kuwa, ba a sake kiran sunan mamaci.

Ya bi bukkoki yana gaisuwa, ana amsa masa a ɗarare. Ko ƙaninsa bai ambaci sunansa ba.

Ya tarar da matarsa tana dakan masarar gwamnati. Ta aske gashinta, ta shafe kanta da ƙaro saboda takaba.

"Ni ne," ya ce.

Ta daɗe tana kallon inda sarƙa ta ci ƙafarsa, jini na tsattsafowa. Fatalwa dai ba ta da jini.

"Tsoho, ka sa na yi asarar gashina a banza."

Sai ta ɗaga murya ta kira sunansa, yadda take yi idan abinci ya fara hucewa.

A lokacin ne ya iya zama.