Ruwan Wankan Mama

Mama ta rasu da hantsi, kwana tara bayan dawowata daga karatu a Turai. An sa jana'iza bayan azahar, gidan kuwa babu ruwan da za a yi mata wanka.

Na ɗauki jarka biyu, na bi Inna Kande, ƙanwar Mama, zuwa famfon bakin kasuwa. Wata baturiya ce ta ba garinmu shi kyauta, shekarar da rijiyoyi suka ƙafe. Ba ya zubo da ruwa sai ya ɗauki hoton mai ɗiba yana murmushi ya aika mata.

Na tsaya a gabansa. Allon da ke jikinsa ya rubuta: "Wannan ba mabuƙaciya ba ce."

"Cire tabarau ɗin, 'yar boko," in ji Inna. "Har takalmin."

Na cire. Ta yafa mini tsohon mayafinta, ta juya ni na fuskanci rana, don famfon ba ya ganin baƙar fuska a inuwa.

"To, washe baki."

"Inna, uwata ce fa a kwance."

"Ni kuma yayata ce. Washe, ana jiranmu."

Na washe. Ruwa ya zubo. Kafin jarkar farko ta cika, saƙon baturiyar ya fito a allon, da Hausa: "Kin faranta mini rai yau. Ba ku da komai, amma kun fi mu farin ciki."

Inna ta matso da jarka ta biyu.

"Kada ki rufe bakin," ta ce. "Yankewa yake yi."