Jariri a Rigar Filo

Noeleen ba ta daɗe da kwanciya ba motar baƙuwar ta tsaya a ƙofar gida, da rana tsaka. Ta tashi tana tsaki, tana murza kafaɗarta ta dama.

Baƙuwar, Priya, mai gidan abinci ce a birnin Brisbane. Ita kaɗai ta rage tana sayen naman kangaru, dabbar dajin nan mai goyon ɗa a jakar cikinta, daga ɗakin sanyin ajiye nama na garin su Noeleen. Ranar da ta janye za a garƙame ɗakin, gidan Noeleen kuwa da shi yake ci.

"Masu cin abincina sun hana ni sakat, wai rashin imani ne harbin kangaru," in ji Priya. "Na zo in ga maharbin ido da ido."

Noeleen ta juyo mata kunnen hagu, ta sa ta maimaita. Takaici ya cika ta. Lokacin fari, da dabbobin nan suka riƙa mutuwa da yunwa a gindin shingen waya, ko mutum ɗaya bai zo daga birni ya duba ba.

Sai rigar filon da ke rataye a bayan kujera ta motsa, wani jaririn kangaru mai manyan kunnuwa ya leƙo da kai. Priya ta durƙusa. Noeleen ta miƙa mata kwalbar madara.

"Wayyo, ɗan mitsitsi! Uwarsa fa?"

"Harsashi. Maza kaɗai ake harbi, amma a duhu ido yakan yi ƙarya. Ƙa'ida ta ce a kashe ɗan nan take."

"Ke kika ƙwace shi daga hannun mijinki ke nan. Baiwar Allah, yaya kike zama da mutum irin wannan?"

Noeleen ta buɗe baki, ta tuna da ɗakin sanyi, ta rufe.

Priya ta miƙe tana share hawaye. "Zan ci gaba da saye, albarkacinki. Zan ba su labarinki. Shi kuwa na fasa ganinsa, kada ya ɓata min rai."

Da motar ta ɓace, Noeleen ta gyara wa jaririn kwanciya. Ta wuce hoton mijinta, wanda aka binne tun kafin fari, ta sauko da bindigarta ta hau gogewa, don naman Priya ba zai harbo kansa ba.